An gayyace mu shiga binciken asibiti: za a mai da 'yata zakaran gwajin dafi ne?

Wani bawan Allah, ɗan kasuwa a Kantin Kwari, ya rubuto yana cewa 'yarsa mai shekara bakwai tana da cutar sikila. Ranar da suka je ganin likita a wani babban asibiti a nan birnin Kano, ma'aikaciyar jinya ta shaida musu cewa nan da 'yan watanni asibitin zai fara bincike a kan cututtuka daban-daban, har da sikila da hawan jini da lafiyar masu juna biyu, kuma ana iya rubuta sunan yarinyar. Mahaifiyarsa tana fama da hawan jini, maiɗakinsa kuma tana da ciki, saboda haka gayyatar tana iya shafar mutum uku a gidansa. Yana tambaya ko ya amince, ko kuwa za a mai da iyalinsa zakaran gwajin dafi kamar yadda aka yi wa yara a shekarar sanƙarau.

Malam, Allah ya ba yarinyar lafiya, ya ƙara wa Hajiya sauƙi, ya sauki maiɗakinka lafiya. Zan amsa maka a matsayina na likita wanda aikinsa ya haɗa da karanta tsare-tsaren bincike kafin a ba su izinin farawa.

Abu na farko da nake so ka riƙe shi ne, gayyatar bincike ba takardar magani ba ce. Idan likita ya rubuta wa 'yarka magani, yana ba ta abin da aka riga aka san amfaninsa da illarsa ne. Shi kuwa bincike ana yin sa ne domin akwai wata tambaya da har yanzu babu wanda ya san amsarta, har shi likitan da ya gayyace ku. Don haka hukuncin da ke gabanka ba na amincewa da bincike gaba ɗaya ba ne ko ƙin sa gaba ɗaya. Bincike uku ne daban a kan mutum uku daban, kuma kowanne sai an san tambayar da yake son amsawa, da abin da za a yi wa jikin wanda ya shiga, da irin kulawar da zai samu idan ya ce a'a.

Yawancin abin da ake kira bincike a asibitocinmu ma ba gwajin magani ba ne. Wani tambayoyi kawai za a yi maka a cike takarda, wani za a duba fayil ɗin marar lafiya, wani za a ɗibi jini sau ɗaya ko a riƙa auna mutum duk bayan wata uku ana rubutawa, ba tare da an sauya masa ko ƙwaya ɗaya ba. Da yawa daga cikin irin waɗannan ayyukan likitocin da ke neman ƙwarewa ne, domin kwalejojin da ke ba su shaida suna wajabta musu rubuta kundin bincike kafin su zama manyan likitoci. Haɗarin irin wannan kaɗan ne, abin lura a cikinsa shi ne sirrin bayananka da lokacin da zai ci maka. Wanda ya cancanci dogon tunani shi ne gwajin magani ko rigakafi ko wata sabuwar hanyar jinya, inda masu bincike ne za su yanke abin da za a ba marar lafiya.

Shi ma gwajin magani hawa-hawa ne. A mataki na farko ana ba mutane 'yan kaɗan, sau da yawa ba su kai 100 ba, sabon sinadari domin a ga yadda jiki ke karɓarsa da adadin da ba zai cutar ba. A mataki na biyu ana gwada shi a kan masu cutar, daga gommai zuwa 'yan ɗaruruwa. A mataki na uku ne ake kwatanta shi da maganin da aka saba bayarwa a kan ɗaruruwa ko dubban mutane, mataki na huɗu kuma sa ido ne bayan magani ya shiga kasuwa. Cikin magungunan da suka fara wannan tafiya, kusan ɗaya cikin goma ne ke kaiwa ga samun izinin sayarwa, wanda ya isa ya nuna maka cewa sabo ba lalle ne ya fi tsoho ba. Manyan gwaje-gwajen da aka yi a Kano a 'yan shekarun nan akasarinsu na mataki na uku ne, kuma a kan magungunan da aka daɗe da sani. Abin da ake nema shi ne adadin da ya dace da mutanenmu, ko haɗin da ya fi aiki, ko hanyar da asibiti mai ƙarancin kayan aiki zai iya bi.

Tsoron da ka ambata yana da tushe, kuma ba na jin daɗin likitan da ke yi masa kallon jahilci. A 1996 annobar sanƙarau ta kashe mutane fiye da 10,000 a Nijeriya, kuma a tsakiyarta kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa mai suna Trovan a kan yara kusan 200 a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, wanda jama'a ke kira Asibitin Zana. Kusan rabin yaran aka ba Trovan, sauran aka ba su seftiriyazon, maganin da aka saba amfani da shi. Yara 11 sun rasu, 5 daga ɓangaren Trovan, 6 daga ɗaya ɓangaren, wasu kuma sun tashi da nakasa. Iyaye sun ce ba a gaya musu cewa gwaji ake yi ba, kuma rahotannin da suka fito daga ƙarshen shekarar 2000 sun nuna cewa takardar izinin da aka gabatar daga baya aka rubuta ta, aka mai da kwanan watanta baya. Kamfanin ya musanta laifi, ya ce sanƙarau ne ya kashe yaran kuma an nemi yardar iyaye da baki, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin jihar Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da amsa laifi ba. Ɓarnar ba ta tsaya a kan waɗancan gidaje ba, domin wannan tabo yana cikin abin da ya ƙara wa zargi ƙarfi lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar nan a 2003, aka kuma koma yi a 2004 bayan cutar ta sake bazuwa.

Ka lura da inda babban laifin yake a zargin iyayen. Sun kai 'ya'yansu neman magani cikin tashin hankali, ba su san an sa su cikin gwaji ba, ba su kuma san cewa suna da zaɓin ƙi ba. Ƙa'idojin da ake aiki da su yanzu an gina su ne domin toshe wannan kafa. A 2007 aka fitar da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ba Kwamitin Ƙasa na Ɗa'ar Binciken Lafiya, wato NHREC, ƙarfin doka. Duk bincike a kan ɗan Adam sai kwamitin tantancewa mai rajista ya karanta shi ya amince. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da nasa, Ma'aikatar Lafiya ta jihar Kano ma tana da nata. Idan gwajin magani ne ko rigakafi, sai hukumar NAFDAC ita ma ta ba da izini. Ba zan ce maka takarda kaɗai tana hana zalunci ba, amma yau akwai lambar izini da za ka nema, da ofishin da za ka kai ƙara, abin da iyayen 1996 ba su samu ba.

Tun da sikila ce ta fi damunka, bari in daɗe a kanta, domin a nan Kano aka yi ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da suka sauya yadda ake kula da yara irin 'yarka. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan cuta, ana ƙiyasin haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita a kowace shekara. Daga cikin munanan abubuwan da take jawowa akwai shanyewar ɓarin jiki, wadda idan babu kariya take samun kusan yaro ɗaya cikin goma kafin ya kai shekara 20. Ana iya gane yaron da ke cikin haɗari tun kafin abin ya faru. Yaro zai kwanta, a shafa masa ɗan mai mai santsi a gefen kai tsakanin ido da kunne, a ɗora kan na'ura a wurin, sai a ji ƙarar gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa tana fitowa fuu-fuu, lamba kuma ta bayyana a allo. Babu allura, babu zafi. Idan gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, jijiyar ta tsuke ke nan, kuma yaron da aka bari haka yana da haɗarin shanyewa kusan kashi 10 cikin 100 a kowace shekara.

A Amurka tun 1998 aka tabbatar cewa ƙarin jini duk wata yana rage wannan haɗari da kusan kashi 90 cikin 100. Amma duk wanda ya taɓa yawon neman leda ɗaya ta jini cikin dare a garin nan ya san cewa ƙarin jini kowane wata na tsawon shekaru ba abin da yawancin gidaje za su iya ba ne. Tambayar da ta dace da mu ita ce ko ƙwayar haidiroksiyuriya, wani maganin sikila da ake sha, za ta wadatar, kuma nawa za a ba yaro. Gwajin da aka sa wa suna SPRING, wanda aka yi a Asibitin Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala da Asibitin Barau Dikko na Kaduna tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, ya ɗauki yara 220 masu shekara 5 zuwa 12 waɗanda awonsu ya nuna haɗari. Rabi aka ba su miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsu a kullum, rabi aka ba su miligiram 20. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna cewa a ɓangarorin biyu shanyewar ta sauko zuwa tsakanin yaro ɗaya da biyu cikin 100 a shekara, babu bambanci mai ƙarfi tsakaninsu, sai dai waɗanda suka sha adadi mafi yawa sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti. Ka ga a wannan gwaji babu yaron da aka bari hannu rabbana. Kowa ya sha magani, adadin ne kawai ya bambanta.

Yadda aka raba yaran shi ne abin da ya fi ɗaure wa iyaye kai, domin ba likita ne ke zaɓa ba, ƙuri'a ce kwamfuta ke jefawa. Wasu suna ɗaukar wannan a matsayin wasa da rai, alhali shi ne ginshiƙin gaskiyar sakamakon. Manomin da ya shuka sabon iri a fadama, ya shuka tsohon iri a jigawa, idan kaka ta yi ba zai iya cewa iri ne ya yi kyau ko ƙasa ce ba. Da likita ne ke zaɓa, da zuciyarsa za ta karkata ta ba yara masu ƙarfi sabon magani ko kuma ta ba waɗanda suka fi jigata, sakamakon ya gurɓace. Kuma ƙuri'a ba ta halatta sai idan da gaske ba a san wanne ya fi ba. A wasu gwaje-gwajen ana ɓoye wa likita da marar lafiya ɓangaren da ya faɗa, wani lokaci har a ba wasu ƙwaya mai kama da magani wadda babu sinadari a cikinta. Ƙa'ida ita ce ba a ba mutum irin wannan ƙwaya a maimakon maganin da aka tabbatar yana kare shi daga babbar illa. Idan za a yi amfani da ita, a kan maganin da ya saba sha ake ƙara ta. Bayan haka akwai wani kwamiti na masana da ba sa cikin aikin, wanda ke leƙa sakamako lokaci-lokaci, yana da ikon ba da shawarar tsayar da gwaji idan wani ɓangare yana cutuwa, ko amsa ta riga ta fito, ko ta tabbata cewa ci gaba ba zai nuna wani bambanci ba. SPRING kansa an tsayar da shi kafin wa'adinsa saboda wannan dalili na ƙarshe.

A ɓangaren maiɗakinka, Kano tana da abin nunawa. Zubar jini bayan haihuwa ita ce kan gaba wajen kashe mata masu haihuwa a duniya, kuma babbar matsalar ita ce ungozoma tana ƙiyasta jinin da ido, a zane da katifa da ƙasa, ido kuwa yana raina shi har sai mace ta fara sanyi. A gwajin E-MOTIVE, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Nijeriya, ana shimfiɗa wa mace wata leda da zarar jariri ya fito, ƙarshenta a tsuke kamar mazurari, da layukan awo a jikinta. Da jini ya kai mililita 500, ko ƙasa da haka idan jikin matar ya nuna alamar haɗari, ba a jira a gwada abu ɗaya a ga ko zai yi. A lokaci guda ake murza mahaifa ta kan ciki, a yi allurar da ke sa ta tsuke, a ba da tiraneksamik mai tsayar da jini, a sa ƙarin ruwa, a duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya, a kira babban likita idan abin ya ƙi. An jefa ƙuri'ar ne tsakanin asibitoci 80 a Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, aka bi haihuwa fiye da 200,000. Matan da suka yi mummunar zubar jini, ko aka yi musu tiyata saboda ita, ko suka rasu ta dalilinta, sun kasance kashi 4.3 cikin 100 a asibitocin da suka ci gaba da tsohuwar hanya, kashi 1.6 a waɗanda suka bi sabuwar. An buga wannan a 2023, kuma a ƙarshen shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da hanyar cikin shawarwarinta. Ba kowane gwaji ne ke fitowa da irin wannan nasara ba. Wani da aka yi a Legas da Kano a kan masu ciki fiye da 1,000 ya kwatanta sinadarin ƙarfe ta jijiya da na ƙwaya, aka ga ƙarancin jini a ƙarshen ciki bai bambanta sosai ba, ko da yake ta jijiyar ta fi cike gibin sinadarin a jiki. Wannan ma amsa ce mai amfani, domin tana hana a kashe kuɗi a kan zato.

A nan dole in faɗi abin da wasu magidanta ba sa son ji. Shawara da kai daidai ce, kuma masu bincike nagari suna ba mace lokaci ta koma gida ta yi ta, amma yardar da ake karɓa tata ce. Ba za ka sa hannu a madadinta ba, haka ma Hajiya matuƙar tana cikin hankalinta. Kuma lokacin wannan magana shi ne ranar awon ciki, tana zaune cikin natsuwa, ba lokacin da naƙuda ta kama ta ba.

Game da Hajiya, gwajin CREOLE na 2019, wanda ya ɗauki mutum 728 a ƙasashen Afirka 6, har da cibiya a Kano, ya nuna cewa haɗin magani biyu mai ɗauke da amlodifin ya fi sauke jinin baƙar fata a kan haɗin da babu shi. An daɗe ana rubuta wa mutanenmu magani bisa binciken da aka yi a kan Turawa, don haka irin wannan aiki yana da muhimmanci. Abin tambaya a nata binciken shi ne ko za a dakatar da maganin da take sha yanzu, na tsawon kwana nawa, wa zai riƙa auna jininta a tsakanin, kuma a wace lamba za a cire ta a mai da ita kan tsohon maganinta. Ta kuma faɗi duk abin da take sha ba tare da kunya ba, har jiƙo da sassaƙe da abin da ake sayowa a kemis don ciwon gwiwa, domin wasu magungunan ciwon jiki suna ɗaga jini suna kuma taɓa ƙoda. Idan binciken zai ratsa watan azumi, a tambaya tun yanzu yadda za a tsara lokacin shan maganin.

Sauran cututtukan da za ka iya gani a irin wannan sanarwa, su zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka da farfaɗiyar yara da ciwon ƙoda, hukuncinsu ɗaya ne. Rigakafin zazzaɓin cizon sauro na R21 da aka fara bayarwa a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024, da maganin tarin fuka mai taurin kai da aka rage daga wata 18 ko fiye zuwa wata 6, da sabon rigakafin sanƙarau mai kare nau'i biyar wanda Nijeriya ce ta fara amfani da shi a 2024, duk ta hanyar gwaji a kan mutanen da suka yarda suka iso gare mu.

Ranar da za a kira ku, ga yadda zaman ya kamata ya kasance. Ɗaki ne daban, ba kan layin ganin likita ba inda mutane ke jira a bayanka. Za a miƙo takarda mai shafuka da yawa, kuma haƙƙinka ne a ba ka ita da Hausa, ko a karanta maka ita kaf da Hausa. Wanda bai iya karatun boko ba yana dangwala yatsa ne a gaban shaidan da ba ya cikin masu binciken, shaidan shi ma ya sa hannu. Kwafi ɗaya naka ne, ka tafi da shi gida. Mai bincike nagari, bayan ya gama bayani, zai ce ka maimaita masa abin da ka fahimta, kuma ba zai ɓata rai ba idan ka ce sai ka kwana biyu kana tunani. Ni a ganina babbar barazana ga yarda a garin nan ba tilas ba ce, kara ce: mutum yana jin nauyin ya ce a'a ga likitan da ya kula da 'yarsa shekara da shekaru. Ka sani cewa ƙin shiga ba ya rage mata komai daga kulawar da take samu, kuma idan kun shiga kuna iya fita a kowace rana ba tare da ba da dalili ba, sai dai ku sanar, domin wasu magungunan ba a yanke su farat ɗaya. Yaron da ya yi wayo, musamman daga shekara 12, ana neman tasa yardar tare da ta iyaye. 'Yarka ba ta kai nan ba, amma ya kyautu a yi mata bayani daidai hankalinta, musamman kan allura.

Maganar jini ita ce ta fi yawo a gari, ana cewa ɗiba ake yi a sayar. Jinin gwaji yawanci 'yan mililita ne, ƙaramin cokalin shayi yana cin mililita 5, kuma an zuba shi a kwalba mai sinadari, ba za a iya ƙara wa kowa shi ba. Duk da haka ga yarinya mai sikila, wadda jininta dama ƙasa yake, ka tambayi nawa za a ɗiba kuma sau nawa. Ka tambayi ko za a kai samfurin ƙasar waje, domin hakan yana buƙatar yarjejeniya a rubuce da sanin kwamiti, da ko za a ajiye shi don wani bincike nan gaba, wanda kana iya ƙi ko da ka yarda da sauran. Sunanta bai kamata ya bi samfurin ba, lamba ake sawa, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman.

Kuɗi kuwa, abin da ya dace shi ne na mota da ɗan abin da zai rage asarar wunin da ka bar shago. Idan adadin ya yi yawan da zai sa mutum ya rufe ido ga haɗari, wannan alamar tambaya ce, ba garaɓasa ba. Magani da gwaje-gwajen da binciken ya jawo ba a kanka suke ba. Ka nemi a nuna maka sakin layin da ya faɗi wanda zai biya jinya idan gwajin ya yi illa, da inshorar da aka yanka, da lambar wayar likitan da za a samu da tsakar dare idan yarinya ta tashi da zazzaɓi. Akwai kuma tambayar da mutane suka fi mantawa, alhali ga masu sikila da hawan jini ita ce mafi nauyi: idan an gama binciken kuma maganin ya karɓe ta, wa zai ci gaba da ba ta, kuma nawa ne kuɗinsa a kemis? Yarjejeniyar Helsinki, wadda ƙungiyar likitocin duniya ta fara fitarwa a 1964 ta kuma sabunta a 2024, ta ce a tsara wannan tun kafin a fara, a kuma gaya wa masu shiga.

Tabbatar da sahihancin bincike ba shi da wuya. A jikin takardar yarda akwai sunan babban mai bincike, da wanda ya ɗauki nauyi, da lambar izinin kwamiti da adireshinsa. Ofishin kwamitin yana cikin asibitin, kana iya zuwa da ƙafarka ka tambaya. Gwajin magani na gaske ana yi masa rajista kafin a ɗauki mutum na farko, ko dai a kundin Afirka, lambarsa ta fara da PACTR, ko a shafin ClinicalTrials.gov, lambarsa ta fara da NCT, kuma duk mai waya da intanet yana iya sa lambar ya ga manufarsa da cibiyoyinsa. Wanda ya ce ka biya kuɗi kafin a sa ka a gwaji, ko ya yi maka alkawarin warkewa daga sikila da wani sabon haɗi, ko ya hana ka fita da takarda, ka kama hannun 'yarka ku tafi.

Rubuta sunan yarinyar yanzu domin a kira ku idan an fara bai ɗaure ka da komai ba, don haka ban ga laifin yin sa ba. Amma kada jiran bincike ya sa a jinkirta abin da aka riga aka tabbatar. A zuwanku na gaba ka tambayi likitanta ko an yi mata awon gudun jinin ƙwaƙwalwa a cikin shekarar nan, domin ana so a riƙa yi wa masu sikila duk shekara daga shekara 2 zuwa 16. Ka tambaya ko ta cancanci fara haidiroksiyuriya idan ba ta sha, tare da gwajin ƙwayoyin jini da ake bin mai shan ta da shi, sannan a duba katin rigakafinta da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Idan takardar yardar ta fito, ka kai wa wani likita da ba ya cikin binciken ya karanta tare da kai kafin ka sa hannu.